Babi na Shida: Huhu da Ƙirgen Numfashi

Darasi na 1: Hanyar iska

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga huhu. Guda biyu ne, masu laushi kamar soso, haƙarƙari ya kewaye su, zuciya na tsakani. Namu ma haka suke. Na dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, don ya rage wa zuciya wuri.

Iska ta hanci take shiga. Gashin hanci da majina su tare ƙura, sai ta bi maƙogwaro ta gangara wani bututu mai guringuntsi, wanda ya rabu biyu, kowane reshe ya nufi huhu ɗaya. A can jini yake ɗaukar iska mai amfani, wato oksijin, ya sauke gurɓatacciya mu fitar. Hanyar abinci daban ce, tana bayan ta iska, amma a maƙogwaro suke haɗuwa, shi ya sa mai surutu da tuwo a baki yake ƙwarewa. A ƙarƙashin huhu akwai wata faffaɗar tsoka, ita ke sauka ta hau kamar zugazugin maƙeri.

Darasi na 2: Ƙirge

A nan kuke yawan tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Shigar iska da fitarta, su biyun, numfashi ɗaya ne. Ɗora hannu a cikinka. Ya taso, ya koma: ɗaya. Ya taso, ya koma: biyu. Inna, kada ki ce ɗaya tun yana tasowa, jira ya koma. Kin ɓata? Ba komai, sake. Ba wanda aka haifa da iyawa.

Yanzu na yaro. A bari ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. A ɗaga rigarsa, a duba agogon waya, a ƙirga minti ɗaya cur. Ya taso, ya koma, ɗaya ke nan.

Babba lafiyayye yana yin 12 zuwa 20 a minti. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In yaro na tari ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, ana tsoron nimoniya, wato ciwon huhu. Asibiti a ranar.

Haba jama'a! Makon jiya wasunku sun ƙirga tasowa daban, komawa daban, suka kawo mini 80 ga yaro mai wasansa. Wasu kuma suka tsaya a rabin minti. Sau nawa zan faɗa? Ya taso, ya koma, ɗaya.

Darasi na 3: Kula da huhu

A raba yaro da hayakin murhu. A rufe hanci ranar sussuka da lokacin ƙurar hunturu.

Darasi na 4: Tari

Tarin da ya wuce mako 2, a je gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati.