Yadda Zaka Shiga Ƙungiyar Masu Tsofaffin Tirelolin Yawon Buɗe Ido

Ba tirelar ɗaukar kaya nake nufi ba fa, wannan ƙaramin ɗakin ne mai taya da ake jonawa a bayan mota, da gado da ɗan kicin a ciki. A Amurka masu irinsu na da can suna da ƙungiyoyi, kuma kowacce da sharaɗinta.

Kafin komai gano shekarar da aka ƙera taka. Duba lambar dake jikin ƙarfen gaba wajen da ake jonawa, wani lokacin sai ka kankare tsatsa da tsohon fenti kafin ta fito, ka haɗa da takardun mallaka saboda bakin mai sayarwa ba hujja bane.

Sai zaɓen ƙungiya. Vintage Airstream Club suna so tirelar ta zama ƙirar kamfanin Airstream kuma ta kai shekara 25, sannan dole ka fara zama mamba a uwar ƙungiyar masu Airstream da aka kafa 1955. Su kuwa Tin Can Tourists, da suka faro a Tampa ta jihar Florida a 1919 aka farfaɗo dasu 1998, ƙofarsu a buɗe take, kowane kamfani ne ya ƙera taka bismillah, kai ko baka da tirela ma zaka iya rajista. Ni dai wannan tafi min, sabon shiga yana ganin kayan mutane ya yi tambaya kafin ya zuba kuɗinsa a ruɓaɓɓen katako.

Amma zama mamba daban, samun wurin ajiye tirela a taron ƙungiya daban. A wani taron tsofaffin tireloli zalla ake jerawa, so tambayi mai shiryawa tun kafin ka biya kuɗin wuri.