Yadda Za a Tallafa wa Mutanen Baka na Kurmin Kamaru

Mutanen Baka suna zaune ne a kurmin kudu maso gabashin Kamaru, a yankunan Lomiye, Yokaduma da Mulundu, kuma suna da 'yan uwa a arewacin Kwango da Gabon. Tun kaka da kakanni da farauta, da kamun kifi, da ɗiban zuma, da haƙar doyar daji suke rayuwa. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 aka riƙa matsa musu su fito bakin hanyoyin mota su zauna, daga baya kuma aka rarraba kurmin tsakanin kamfanonin katako da gandayen dajin gwamnati, irin su Lobeke da aka kafa a 2001, da Bumba-Bek da Nki a 2005. Saboda haka duk mai niyyar taimaka musu ya sani cewa tushen talaucinsu shi ne raba su da dajin da ke ciyar da su.

Matakin farko shi ne neman yardarsu kafin a sari ko itace ɗaya. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta tanadi a yi musu cikakken bayani tun da wuri, su amince ba tare da tilas ba. A aikace, kada a kira taron a ƙofar gidan dagacin ƙauyen maƙwabtansu manoma, domin da yawa daga cikin Baka ƙwadago suke yi a gonakin kokon mutanen nan, kuma ba za su iya musa wa mai gidansu a bainar jama'a ba. A je sansaninsu da tafinta ɗan Baka, a zauna da mata daban, sannan a koma sau biyu ko uku, tun da al'adarsu ba ta ɗora yanke shawara a kan mutum guda ba.

Abin da na fi ganin an yi sakaci da shi shi ne takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a cikin daji, nesa da ofishin rajista, wa'adin yi masa rajista kan wuce, daga nan sai an bi ta kotu, da kuɗin mota da na takardu waɗanda iyayensa ba su da su. Ba tare da ita ba yaro ba zai zauna jarrabawar kammala firamare ba, idan ya girma kuma katin ɗan ƙasa zai gagare shi, ba zai jefa ƙuri'a ba, kai ƙara ma sai ta yi masa wuya. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin wannan ta yi aikin da ya fi gina aji alheri.

Game da karatu, a fara wa yara da harshen Baka kafin Faransanci. An daɗe ana amfani da tsarin ORA, wato lura, tunani da aiki, wanda malaman mishan na Katolika suka tsara domin 'ya'yan Baka, inda darasi ke tasowa daga abin da yaro ya sani na dabbobi da itatuwa. A kuma daidaita lokutan makaranta da tafiyar da suke kira molongo, wadda iyalai ke shafe makonni ko watanni a cikin kurmi, domin a can ne yaro ke koyon sawun dabba da magungunan daji. Ilimi ne shi ma, bai kamata a lissafa shi fashin makaranta ba.

Sai batun ƙasa. A koya wa matasa amfani da na'urar GPS mai nuna wurin da mutum yake, su bi dattawa su zana taswirar wuraren farauta, itatuwan mowabi da suke samun mai daga 'ya'yansu, rafuka da wuraren ibadarsu, saboda taswira hujja ce a gaban hukuma da kamfani. Dokar gandun daji ta 1994 ce ta buɗe wa al'umma ƙofar neman dajin kanta har hekta 5,000, sai dai takardun suna da yawa, don haka a samar musu da lauya ko ƙungiyar gida irin Okani. A 2019 ma'aikatar gandun daji ta sa hannu da ƙungiyar Baka ta Asbabuk kan yarjejeniyar barinsu su shiga gandayen nan uku na Lobeke, Bumba-Bek da Nki. A tabbata kowane sansani ya ji abin da ke cikinta da harshensa, masu gadin daji su ma sun sani.

A nan 'yan kasuwarmu na Kamaru da Najeriya suke da hannu kai tsaye. Ƙwayar mangwaron daji da ake miyar ogbono da ita, wadda ake lodinta daga wannan yanki zuwa kasuwannin Najeriya, matan Baka na cikin masu tsinto ta su fasa su shanya. Mai saye ya biya da tsabar kuɗi a hannun matar da ta yi wahalar, ya auna da mudu ɗaya a gaban kowa, kada ya yi musaya da giya, kada kuma ya ba da bashi tun kafin kaka don ya karya farashi. Idan da hali, ya taimaka musu su haɗa kayansu wuri guda, su sami rumbun ajiya marar danshi, su jira lokacin da farashi ya tashi kafin su sayar.