Idan yaronka ya tsinto bushiya ya ce sai ya kiwata

Damunar bara ne ɗan ƙanwata, shekararsa 10, ya dawo daga gonar masara can bayan gari a wajen Soba da wani abu dunƙule a cikin hularsa, yana ta murna wai Kawu ka ga abin da na samo. Bushiya ce. Uwarsa ta ce maza ya mayar da ita inda ya ɗauko, shi kuma ya kafe yana kuka, ƙarshe dai ni aka bar wa alƙalancin, na ce to a bar masa amma da sharaɗi. Wata 4 muka yi da ita a gidan, abin da zan faɗa a nan daga wannan zaman ne da kuma ɗan abin da na sani a kan dabbar.

Abu na farko da za ka fahimtar da yaro, kuma wallahi shi ne mafi wahala, bushiya dabbar dare ce. Da rana barci take yi, sai bayan magariba take fitowa neman abinci har kusan asuba. Yaro kuwa da rana yake son wasa, ya dawo daga makaranta ya kira abokansa su zo su gani, a tashe ta a juya ta a tsokane ta da kara don a ga ta dunƙule. In aka yi ta yi mata haka tana iya daina cin abinci, har ta kai ga mutuwa. Mu dokar da muka kafa ita ce babu mai taɓa ta sai bayan sallar isha'i, shi ma minti 15 zuwa 20 ne, kuma abokai su kalla da ido kawai. Ya yi ta ƙunƙuni sati na farko amma ya saba.

Wurin kwana ba ya buƙatar kashe kuɗi. Kar ka sa ta a kwali, cikin dare ɗaya za ta jiƙa shi da fitsari ko ta huda gefe ta fice. Kejin kaji na waya ma bai dace ba don ƙafafunta ƙanana ne suna maƙalewa, kuma tana iya hawa ta faɗo. Mu wani babban bahon roba mai zurfi muka samu, muka zuba busasshiyar ƙasa da busasshen ganye a ƙasan, muka kifa fasasshiyar tukunya a gefe guda ta zama ɗakinta, aka sa tsohon tsumma a ciki. Ka duba tsumman kar ya kasance mai zare-zare, zaren yana naɗe mata ƙafa har ya yanke jini. A ajiye bahon a inuwa inda ruwan sama ba ya duka, nesa da murhu da hayaƙi, a rufe da abin da iska ke shiga saboda kare da kyanwa. Kuma ita kaɗai, bushiya ba ta son zaman tare, in ka haɗa maza biyu faɗa za su yi.

Sai dai baho kaɗai ya yi mata ƙunci, don a daji tafiya take yi sosai cikin dare tana shinshine-shinshine. Shi ya sa kullum da dare yaron yake sake ta a tsakar gida bayan an toshe rariya da ƙasan ƙofa, ya zauna da tocila yana bin ta da ido. Rariyar nan kar ka manta da ita, ta nan ta taɓa ɓace mana, sai washegari aka gan ta a bayan buhunan ɗakin ajiya.

Yanzu maganar abinci, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kowa da ya ga ƙaramar dabba sai ya ce a ba ta madara ko nono, kakar yaron ma har da kawo kindirmo a murfi don tausayi. Kar a ba ta. Cikin bushiya ba ya narkar da madara, zawo take sa ta, kuma dabba mai nauyin da bai fi rabin kilo ba in zawo ya kama ta ba ta daɗewa. Tuwo da biredi da ragowar shinkafa mai yaji da magi su ma ba abincinta ba ne. Abincinta ƙwari ne: gyare, fara, gara, tana, gwazarmar da ake tonowa a juji, sannan shinge in an yi ruwan farko suka taru a gindin fitila, ranar kam biki take yi. Aikin yaron ke nan da yamma, ya ɗauki gwangwani ya zagaya ya tara mata. Ranar da ba a samu ƙwari ba sai a ba ta ɗan dafaffen ƙwai ko ɗan naman kaza dafaffe marar gishiri, kamar cokali ɗaya ko biyu ya isa. Ruwa kuma a murfi marar zurfi mai ɗan nauyi yadda ba za ta kifar ba, a canza kullum.

Wani abu da nake so a kula da shi sosai, musamman mu nan da kowa ke feshi a gona, kar yaro ya kamo ƙwari daga gonar da aka yi wa feshi, ko kyankyason da aka kashe da fiya-fiya a ɗaki. Ƙwaron da ya sha magani shi ne ma ya fi sauƙin kamawa tunda ya galabaita, yaro kuma bai san bambanci ba, sai ya kawo mata guba da hannunsa. Haka maganin ɓera, in akwai shi a gidan to a kwashe kafin a sake ta.

Ɗaukarta kuwa ba a kamo ta daga sama. A zura hannu biyu ta ƙarƙashin cikinta inda gashi yake fari mai laushi, a ɗago a hankali, in ta dunƙule tana huci tana ɗan zabura to tsoro ne, a yi shiru a jira za ta buɗe da kanta. Ƙayarta ba ta da dafi kuma ba ta harba ta, ba ta ma fita da sauƙi irin ta beguwa, tsikari ne kawai. Da farko ya yi amfani da tsumma, daga baya da ta saba da warin hannunsa ya daina. Wata rana ya rugo a guje wai Kawu ta haukace tana kumfa, na je na tarar ta lashi takalminsa ne tana fitar da kumfar yawu tana shafawa a ƙayoyin bayanta. Ɗabi'arsu ce in sun ji sabon wari, ba ciwo ba ne.

Tsafta dai dole. Bushiya tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinta, mai sa zawo da zazzaɓi, kuma ana iya ɗaukar makero daga jikinta. Saboda haka duk lokacin da ya taɓa ta ko ya share bahon sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu, ba a kai ta kusa da baki, ba a shiga da ita madafi, ƙannensa 'yan ƙasa da shekara 5 kuma ba sa taɓawa sam. Ta daji sau da yawa tana zuwa da kaska a tsakanin ƙaya, mu mun cire guda 3 a ranar farko, babba ne zai cire ba yaro ba. In ka ga ƙaya na zuba da yawa, fata na ɓarewa, ko ta kwana biyu ba ta ci ba, a nemi malamin dabbobi, wanda ke kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Kar dai a shafa mata maganin kaskar shanu, ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Abin mamaki, irin wannan bushiyar tamu mai farin ciki da yatsu 4 a ƙafar baya ita ce Turawa ke saya da tsada suna kiwo a gida a Amurka da Ingila, asalin kakanninsu daga Afirka aka kwashe su. A hannun masu kiwo tana kai shekara 4 zuwa 6, a daji ba ta cika kai haka ba.

In kuma mace ce ta zo da ciki, wanda kwana 35 ne ko kusa da haka, ta haihu a hannunku, to a ɗauke ido gaba ɗaya, abinci da ruwa kawai za a ajiye a tafi, don in aka dame ta tana iya watsar da 'ya'yan ko ma ta cinye su.

Mu da damuna ta ja baya wajen ƙarshen Oktoba ƙwari suka fara wuya, yaron yana yawo awa guda bai cika rabin gwangwani ba, ga sanyin hunturu na tafe wanda yake sa su lafewa su rage motsi, sai na ce masa lokacin mayar da ita daji ya yi, dama sharaɗin da muka yi tun ranar farko ke nan. Bayan magariba muka tafi tare, ba gonar da ya tsince ta ba don an yi feshi a can, wani kurmi ne a bakin rafi nesa da hanya da karnukan 'yan farauta. Ya ajiye ta a gindin wata sabara, ta yi kusan minti 5 a dunƙule kafin ta fito da hanci ta shige cikin ciyawa. Bahon yana nan a bayan ɗaki, ya hana uwarsa ta yi wanki da shi.