Darasi na 9: Renon Fujer a Ƙasar Zafi

Wanda ya taɓa shiga otal ko ofis a Garwa ko Ngaundere, wataƙila ya ga wata shuka kore shar a cikin tukunya, ganyenta dogaye kamar gashin jimina, sun zubo ta kowane gefe. Masu sayar da furanni suna ce mata fujer. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba a miya da ita. Don ado kawai ake ajiye ta.

Daga ina ta fito?

Irin da aka fi sayarwa, masana suna kiransa Nephrolepis exaltata. Asalinsa dazuzzukan Amurka masu ɗumi da laima: Fulorida, Meziko, tsibiran Karibiyan, har zuwa Burazil. A can takan fito a ƙarƙashin manyan itatuwa da bakin fadama, inda rana ba ta dukanta kai tsaye. A shekarar 1894 aka aika wa wani mai lambu na yankin Boston shuke-shuke daga Filadalfiya, sai ya ga ɗaya ta fita daban, ganyenta ya fi lanƙwasa. Daga ita aka yaɗa wadda ta cika gidaje a yau. Kamaru ma tana da danginta. In kun bi ta wajen Duwala, ku dubi jikin itacen kwakwar manja, za ku gan su a manne.

To, shukar da ta saba da inuwa da raɓa, ga ta an kawo ta ƙasarmu. A Ngaundere abin da sauƙi, domin garin yana kan tudu mai tsayin mita 1,100 ko fiye, ga sanyi ga ruwan sama. A Garwa kuwa, zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40. Marwa ta fi bushewa. Mai son fujer a waɗannan garuruwa sai ya ɗaura ɗamara.

Wuri da ƙasa

A ajiye ta a baranda, ko cikin rumfa, ko ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro. Hasken safiya ba ya cutar da ita, na azahar ne ke ƙona ganye. Wurin da ya fi duka shi ne gindin randa, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi. A ɗora ta inda akuya ba za ta kai ba.

A samu tukunyar ƙasa, a huda gindinta. A haɗa ruɓaɓɓen ganye kashi 2, yashi kashi 1, tsohon taki kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Kada a ɗebo baƙar lakar da ake dasa masakwa a kanta: in ta jiƙe sai ta shaƙe saiwa, in ta bushe sai ta tsage.

Ban ruwa da iska

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Sai hunturu ya kama, bakin ganye ya fara ƙonewa, mai ita ya yi ta tuttula ruwa safe da rana da dare, har saiwa ta ruɓe. Alhali ba ƙishirwa ke damunta ba, iska ce ta bushe. Kafin ku zuba ruwa, ku tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, ku bari. In sama ta fara bushewa, ku zuba har ya ɗigo ta huda. Da bazara wannan zai iya zama safe da yamma, da damina kuwa a yi kwana biyu ko uku ba a zuba ba.

Maganin busasshiyar iska ba ya cin kuɗi. A saka tukunyar cikin wata babba, a cike tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin. Ko a rataye jiƙaƙƙen buhun algarara ta ɓangaren da iskar ke bugowa. Tukwane uku wuri ɗaya sun fi guda ɗaya jimiri. Ƙurar hunturu ma a riƙa wanke ta daga ganye da yayyafin ruwa. Ruwan wanki dai kada ya kusance ta.

Wani lokaci za ku ga ɗige-ɗige masu launin ƙasa a jere a bayan ganye. Ba cuta ba ce, kada ku kankare. Garin iri ne da dangin fujer ke yaɗuwa da shi a daji. A gida ba a dogara da shi. Idan tukunya ta cika, a jira farkon damina, a zare shukar, a raba gindin biyu ko uku da wuƙa mai kaifi, kowane da saiwarsa da ganyensa, a dasa.

Aikin aji

Rubuta sunayen wurare 2 da fujer ke fitowa da kanta. Me ya sa ta fi jin daɗin Ngaundere a kan Marwa? Idan kana da kwano 8 na ruɓaɓɓen ganye, kwano nawa na yashi za ka haɗa?