Yadda za ka gane wane ƙarfe ne ke sa ruwa ya zama asid

Ka samo kofi uku masu tsabta, ruwan gora, gishiri, alif ɗin nan da ake tace ruwa da shi, sai takardar gwajin pH ta lab ɗin makaranta (pH ma'aunin asid ne, 7 tsaka-tsaki, ƙasa da 7 asid). Kofi ɗaya ka bar shi ruwa zalla, na biyu ka narkar da rabin cokalin gishiri, na uku alif dakakke kamar haka, ka tsoma takarda a kowanne. Na gishiri zai tsaya wajen 7 kamar ba a sa komai ba, amma na alif zai sauko tsakanin 3 da 4. Kar ka yi da zobo a madadin takardar don Allah, alminiyom ɗin da ke cikin alif na kama kalarsa ya juya ta, sai ya rikita ka.

To me ya faru? Duk ayon ɗin ƙarfe (wato ƙwayar zarrar ƙarfe mai ɗauke da cajin lantarki) da ya shiga ruwa, ƙwayoyin ruwa na kewaye shi su juyo masa ɓangaren oksijin, wato ya tilasta musu sabon tsari kenan, alminiyom shida yake riƙewa, huɗu a gefe ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Kuma da yake ɗan mitsitsi ne ga caji har uku, yana janyo ilektron ɗin oksijin sosai har haidrojin ya yi sako-sako ya fice ya koma kan wata ƙwayar ruwan ta zama H3O+, asid ɗin kenan. Sodiyom na gishiri kuwa cajinsa ɗaya ga shi ya fi girma, ba shi da wannan ƙarfin.

Saboda haka in aka ba ka ayon, fara duba caji sannan girma. Lambar pKa, wadda ke auna ƙarfin asid, ta magniziyom mai caji biyu wajen 11 ce, ta alminiyom wajen 5, ta ayan (baƙin ƙarfe) mai caji uku wajen 2, kuma iya ƙanƙantar lambar iya ƙarfin asid.

Inda abin ya fi burge ni shi ne ƙananan curin ruwa masu ayon ɗin ƙarfe a tsakiya da masana ke fesawa cikin injin da babu iska suna auna su da hasken infrared, wanda ido ba ya gani. In ƙwayoyin ruwan sun yi kaɗan ba sa iya ɗaukar nauyin cajin, sai curin ya rabu biyu, ƙarfen ya riƙe OH (ƙwayar ruwan da ta rasa haidrojin ɗaya), shi kuma H3O+ ya yi gaba da sauran ruwan. In an ƙara ruwa zagaye na biyu da na uku sai cajin ya bazu, curin ya zauna lafiya bai fashe ba.