Yadda Ake Kare Yara Daga Ciwon Suga Bayan Zaman Korona a Legas

Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas, makarantu kuma suka yi kusan wata shida a rufe. Yaran Agege da Idi-Araba da Mile 12, da yawansu a ɗaki ɗaya ko biyu, suka koma daga tabarma zuwa waya, daga waya zuwa Indomie. An buɗe gari tuntuni, amma wannan ɗabi'a ba ta bar gidaje da yawa ba. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta gano saurin ƙaruwar ƙiba a yara ya kusan ninkawa lokacin annobar, likitoci a ƙasashe da dama kuma sun ga sabbin masu ciwon suga cikin yara sun ƙaru. Ga abin da iyaye za su yi.

Da farko a san cewa ciwon iri biyu ne. Nau'i na ɗaya, jiki ne ke daina samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ba ruwansa da ƙiba ko zaƙi, kuma babu maganinsa sai allurar insulin kullum. Nau'i na biyu shi ne wanda zaman wuri ɗaya da ƙiba da gado ke kawowa, wanda da ake cewa ciwon manya ne. Shi ne gyaran gida ke iya tarewa.

Mataki na biyu shi ne sa ido, kuma nan ne aka fi sakaci. Yaro ya riƙa shan ruwa kamar ba ya ƙoshi, fitsari ya yi yawa, wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, yana ci amma yana rama. Wata uwa takan ga tururuwa sun taru inda ya yi fitsari a bayan gida. A duba bayan wuyan yaro mai jiki: in fatar ta yi baƙi ta yi kauri, kada a sa soso a yi ta dirza ana masa faɗan ƙazanta, sau da yawa alama ce ta jiki ya fara ƙin jin insulin. Idan kuwa ana amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a tsaya wajen mai kemis, ba kuma na rubutu da tofi kaɗai ba. A tafi asibiti nan take. Akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, akwai na LASUTH a Ikeja.

Na uku, a yi gwaji. Da safe kafin yaro ya ci komai, a huda yatsa a auna sukarin jininsa. A ma'aunin mg/dL, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama likita zai sake aunawa ya tabbatar. Gidan da uba ko kaka ke da suga bai kamata su jira alama ba.

Sai abin sha. A ganina nan ne gyara ya fi sauƙi ya kuma fi riba. Kwalbar lemo ta santilita 50 takan ɗauki sukari fiye da cokalin shayi 10. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kowace lita ta irin waɗannan, amma hakan bai hana yaro saye a bakin makaranta ba. Zoɓo da kunun aya na gida ma, in aka zuba musu sukari da gwangwani, ba su tsira ba. A rage hannu a hankali. Shayin safe da burodin Agege a haɗa shi da ƙwai ko wake, miyar kuka da ta alayyafo su riƙa fin tuwo yawa a faranti.

Motsa jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 na bukatar minti 60 a rana. Fili yana wuya a Legas, to a bar shi ya taka zuwa Islamiyya maimakon Keke, ya ɗebo ruwa, ya buga ƙwallo a layi bayan La'asar. 'Yan mata su ne aka fi mantawa. Tsallen igiya a tsakar gida ya wadatar.

Waya kuma a karɓe ta bayan sallar Isha'i, ta kwana a ɗakin iyaye, domin ɗan firamare na bukatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi 8 zuwa 10.