Yadda ake fitar da lambar kwastam ta ƙwayar lilin

Ƙwayar lilin ita ce 'yar ƙaramar ƙwayar nan mai sheƙi, ruwan ƙasa ko ruwan zinariya, wadda wasu masu shagon magani ke kira bizrul kattan. A takardun kaya za ka ga an rubuta linseed ko flaxseed, duk abu ɗaya ne. Rasha da Kazakistan da Kanada ne manyan masu nomanta, don haka galibin 'yan kasuwarmu shigo da ita suke yi. Kafin ka biya ko sisi, sai ka san lambarta, domin da lambar ake yanka haraji.

Da farko, buɗe buhun samfur ka duba da idonka. Kwastam ba ruwansu da sunan da mai kaya ya raɗa wa hajarsa, yanayin da kayan suka iso a ciki shi ne abin dubawa. Ɗebi cikin tafin hannunka: ƙwaya ce sukutum? An ɓarza ta? Gari ce? An tatse manta? Amsar wannan ita ce rabin aikin.

Na biyu, nemo babin. Tsarin lambobin kaya da ake kira HS, na Ƙungiyar Kwastam ta Duniya da ke Burasels ya fara aiki a 1988, kuma ana sabunta shi lokaci-lokaci, saboda haka kada ka ɗauko tsohon littafi. Babi na 12 shi ne na ƙwayoyin da ake tatsar mai, gidan su gyaɗa da waken soya da riɗi. A nan ƙwayar lilin take da layinta ita kaɗai, 12.04, ko sukutum take ko an ɓarza ta. Lambar duniya ita ce 1204.00.

A wannan gaɓa ne ejan da ya saba da riɗi kan yi tuntuɓe. Ya ga ƙwaya ƙanana masu maiƙo, sai hannunsa ya tafi 1207.40, lambar da ya haddace tun yana yaron shago. Wannan ta riɗi ce. Layin 12.07 na ƙwayoyin da ba su da layin kansu ne, ita kuwa lilin tana da nata. Akwai wani tarkon kuma: wanda ya shigo da ita don shuka yakan ɗauka 12.09 ce tasa, tunda can ne aka ajiye irin shuka. Bayanin da ke farkon babin ya toshe wannan ƙofa, ya ce kayan 12.01 zuwa 12.07 ba sa komawa 12.09 ko da shukawa za a yi.

Na uku, idan an sarrafa ta, ta bar 12.04 ke nan. Garin da aka niƙa da mansa a ciki 1208.90 ne. Tunkuzar da ta rage bayan tatsa, wadda ake ba dabbobi, 2306.20 ce. A ido waɗannan biyun na iya kama da juna, don haka nemi takardar gwaji daga mai sayar maka, wadda ta nuna yawan man da ke ciki da yadda aka sarrafa. Ɗanyen mai 1515.11 ne, tataccen kuma 1515.19. Dafaffen man da masu fenti da kafintoci ke amfani da shi yana 15.18. Zaren tsiron da ba a kaɗa ba kuwa can nesa yake, a 53.01.

Na huɗu, cike lambar. Shida na farko ne kawai duniya ta yi tarayya a kai. Najeriya tana bin jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS mai lamba goma, wanda harajinsa ya kasu kashi biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Tarayyar Turai kuma ta raba 1204 gida biyu, 1204 00 10 na shuka da 1204 00 90 na sauran. Ke nan kada ka kwafe doguwar lambar da ɗan kasuwar can ya rubuto maka. Ɗauki shidan farko, sauran ka nemo a jadawalin ƙasar da kayan za su sauka.

Daga nan sai takardu. Lambar da ke kan Form M, fom ɗin da mai shigo da kaya ke cikewa ta banki, ta zama ita ce a rasit da takardar jirgi, bayanin kayan ma ya zo ɗaya, domin da su ake fitar da PAAR, takardar kimanta kaya da kwastam ke bayarwa. Mai fitarwa waje kuwa fom ɗin fitar da kaya mai suna NXP zai cike. Tunda kayan gona ne, ka tanadi shaidar lafiyar tsiro, ka kuma tuntuɓi hukumar NAQS mai binciken lafiyar kayan gona tun kaya ba su taso ba. Idan a ƙunshe suke don ci, NAFDAC ma tana da ta cewa.

In hajarka ta rikita ka, misali ƙwayar da aka soya ko aka cakuɗa da wasu, rubuta wa kwastam ka nemi hukunci kan lambarta tun kafin lodi. Hukumar ta Najeriya ta buɗe wannan hanya a 2024. Jiran amsa a gida ya fi sauƙi a kan kwantena ta kwana a Apapa kuɗin ajiya na hauhawa.